Sha Ɗaya Saura Kwata

Sha ɗaya saura kwata suka ba mu,
lokacin da Timmins ta kashe fitilu.
Lokaci mai kyau na yara ne, ba mu ja ba.
Mu da furfura ta cinye wa gemu
sai mu kwashi abin da ya yi saura.

Na jawo jakata daga bayan mota,
sanyi ya gantsara mini cizo a kunne.
Jakar nan gareji ne mazauninta,
matata ta ce ko kare ya shinshina
sai ya gudu yana ƙara.

Ga Réjean, tun asuba yana ramin zinariya,
yana naɗe gwiwa kamar mai ɗaure tsohon famfo.
Ga Toivo, likitan haƙori,
shi da kansa na gaba biyu babu.
Ba wanda ake biya ko sisi a cikinmu,
mu ne ma ke biya,
dala ɗari huɗu, ban da kuɗin tara.

A ƙusa ta uku rigar Orest ke rataye,
lamba goma sha bakwai.
Hunturu biyu ke nan ba mai ita.
Ba ma zancensa.
Amma duk mai fita sai ya taɓa ta da kan sanda
kamar mai neman shawara.

Matarsa Marlys ke riƙe mana agogo,
bargo a cinya, shayi a gora.
Da ita, da mai motar goge fili,
da wani yaro da barci ya sace a benci,
su ne taron da ya zo kallon hoki
yau a kan ƙanƙara.

Sili-ɗaya-ƙwale ne, da 'yan kwana-kwana,
samari masu huhu sabo fil.
Ni ne gola. Shekara hamsin da shida.
In na durƙusa, tashi sai da lallashi,
gwiwar hagu na roƙon ta dama:
ke fara.

Wuƙaƙen takalma na yanka fili, ƙyas, ƙyas,
'yar baƙar roba ta zo kamar an aiko ta,
na tare da ƙirji, na tare da cinya,
sau ɗaya har da hular kwano,
kaina ya yi ta amo
kamar an buga ƙararrawa ana kira.

Biyu da biyu. Usur. Ƙarin lokaci.
Toivo na keji, ya maƙale ƙafar wani,
yana rantsuwa wai santsi ne.
Réjean ya dube ni ta cikin waya,
numfashinsa na tashi fari,
ba bakin magana, sai ishara.

Ba wani bugu ne na a zo a gani ba.
Silalowa ta yi, a hankali, kamar mai jin kunya,
ta bi ta tsakanin ƙafafuna
ta kwanta a raga.
Na juya na dube ta, ta dube ni.
Marlys ta kashe agogo,
ta ɗan jima hannunta bai bar wurin ba,
sai ka ce akwai wanda take jira.

Kofin da muka rasa tsohon garwan madara ne,
an yi masa fenti, murfin ma ya ɓace.
Amma ka ga ƙarti sun yi jugum
kamar gobara ta yi musu asara.

Muka yi layi, muka gaisa hannu da hannu.
Wanda ya ci ni ya ce, “Baba, ka yi ƙoƙari.”
Baba!
Da ma zagina ya yi.

Ƙarfe ɗaya, gwangwanin giya na zagaya ɗaki,
na ce, “Jama'a, bana ce ta ƙarshe.”
Ba wanda ya ɗago kai.
Bara ma haka na ce, da bara waccan.
Toivo ya miƙo takardar baɗi da biro,
na goge hannu a wando,
na rubuta sunana a layi na tara.